Farar Gunduma a Taswirar Takwara

4 ga Afrilu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, don shekara tara ke nan ban tako ba, ban kuma aiko ko da layi ɗaya ba. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu. Mu nan lafiya lau, sai Baba da hawan jininsa, shi ma yana shan magani in an tsare shi da ido.

Ko da kin manta, ni ce takwararki, 'yar ɗan baffanki, wadda ta taɓa kifar miki da gwangwanin maɓallai a ƙarƙashin keken ɗinki, kika sa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗari biyu da sha ɗaya ne, har yau ban manta ba. To Gwaggo, ƙirgar nan ta bi ni har girma. Na samu aiki a ofishin ƙididdiga na ma'aikatar lafiya ta jiha. Teburina yana jikin taga, kusa da injin buga takardu, shi ya sa kullum nake dawowa gida da baƙin tawada a hannun riga.

Abin da aka ɗora ni a kai shi ne cututtukan da cizon kaska ke kawowa, irin waɗanda ƙwayar cutar ke shiga jini ta sa zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da jan tabo a fata. Duk asibitin da ya gwada jinin mutum ya samu cutar, sai ya cike takarda ya aiko mana. Ni kuma in duba adireshin majinyacin, in jefa shi a gundumarsa. Ƙarshen shekara a tara, a ga inda abin ya fi yawa.

Ga taswirar farko da na haɗa da hannuna, gundumomi ashirin da bakwai. Ja yana nufin da yawa, ruwan ɗorawa kaɗan. Ki duba taku can ƙasa, inda kogi ya lanƙwasa: fara fat, ko mutum ɗaya babu. Da na ga haka sai na ce wannan kam sai Gwaggo ta gani.

Baba ya ce waya ba ta kamawa a wajenku sai an hau tudu, kuma ke kin rantse ba za ki hau tudu don kowa ba. Shi ya ba ni adireshin shagon ɗanki, Yaya Mai Agogo, lamba sha huɗu, layin bayan asibiti, ya ce ta nan saƙonku ke bi.

Ki yafe mini shirun nan.

Takwararki

19 ga Afrilu

Takwara, 'yar nema,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ran Asabar, ɗan'uwanki Mai Agogo ya kawo ta a aljihun gaba kamar wani abin gwal. Muna lafiya. Ni dai kunnen hagu ya yi ritaya, na dama yana aiki rabin rana. Ki gaishe da babanki, ki ce masa in ya ƙi shan magani zan zo da kaina, ya san hannuna tun muna yara.

Na yafe miki shekara taran. Abin da ban yafe ba shi ne lissafi. Maɓallan nan ɗari biyu da sha biyu ne. Bayan kin tafi na ɗaga ƙafar keke na tsinci ɗaya, baƙi mai huda huɗu. Ban faɗa miki ba a lokacin don na ga kina ta washe baki.

Yanzu bari in ba ki labarin Kawunki. Kin san shekara talatin da huɗu ya yi yana awon filaye, babu dutsen iyakar da ke yankin nan da bai san ranar da aka kafa shi ba. Da na miƙa masa taswirarki sai ya ce in share tebur. Ya wanke hannu, ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman rubutu, ya bi kogi daga sama har ƙasa yana gyaɗa kai. Ya auna wani wuri da rula. Can ya ɗago ya ce, "Yarinyar nan ta san aiki. Ko lanƙwasa ɗaya ba ta ci ba." Takwara, ni da na yi shekara arba'in da shi, sau biyu na taɓa jin ya yabi aikin wani, ɗaya ma mamaci ne.

Washegari ya kai ta aka sa mata firam da gilashi. Ya sauke hoton aurenmu daga bangon falo ya rataye ta a wurin! Na ce, "Malam, ni kuma fa?" Ya ce, "Ke ai ina ganinki kullum." Yanzu duk wanda ya shigo gaisuwa sai an tsayar da shi gaban bango, an nuna masa farar gundumarmu da sanda.

Abin da ya ba ni mamaki, kaska kam muna da ita har ta ishe mu. Tun da na rufe shagon ɗinki, ni ce mai cire ta a unguwar nan. Wanda ya dawo daga yankan ciyawa ko kiwo ya ji abu ya maƙale masa, sai ya yo gidana. Ina da ɗan hantsakin da nake zare bakin zare da shi, in kama ta daf da fata in ja a miƙe, ba murɗawa, ba ashana, ba kananzir. Kuma kin san hali, hannun da ya saba rubuta awo ba ya zama haka nan. Kowace na cire sai in liƙa ta da salatif a tsohon littafin awona, in rubuta rana da mai ita da inda ta kama: wuya, hammata, ƙugu, bayan gwiwa. Kawunki yana ce mini mai gidan tarihin ƙwari. Littafi na biyu nake ciki.

Amma tunda kin ce tamu ba ta da cuta, alhamdu lillahi. Allah ya yi wa aikinki albarka.

Gwaggonki mai keke

2 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na yi dariyar maɓallin nan har na kusa da ni ya tambaya ko lafiya.

A tsaye nake rubuta wannan, mota na jirana. An tura mu zagayen asibitocin gundumomin arewa, mu koya wa ma'aikata yadda ake cike takardun nan, zan yi kamar wata guda. Abu ɗaya nake roƙo: don Allah ki ce wa Kawu ya sauke taswirar nan daga bango. Ba ta ratayewa a falo ba ce, kuma ban so a riƙa nuna wa mutane ita. In na dawo zan yi miki bayani a tsanake.

Ki ci gaba da adana littafin nan naki, kada ki yar da ko shafi ɗaya.

Takwararki

16 ga Mayu

Takwara,

Salamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya, kina kuma cin abinci a kan lokaci, don na san masu yawon aiki.

Takardarki ta ƙarshe na karanta ta sau uku, ban ji daɗinta ba, kuma ni ba na ɓoye abu a ciki. Falon namu ne bai kai a rataye aikinki ba? Na san fentinsa ya tsufa, kujerun ma tun na aurenmu ne. Ko maƙwabtanmu ne ba su isa su kalla ba, don ba su yi boko mai zurfi ba? Ban faɗa wa Kawunki ba. Mutumin da ke goge gilashin nan da gefen rigarsa kowace safiya, da wane baki zan ce masa mai abin ta ce a sauke?

To bar wannan, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kawunki ba shi da lafiya. Ranar uku ga wata na cire masa kaska a bayan gwiwar dama, ta sha ta yi tim, da alama ta kwana biyu a wurin, don shi ba ya bari a duba shi in ya dawo daga wajen awakinsa. Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon kai, yana rawar sanyi da tsakar rana. Kwana uku ya sake shi. Wurin cizon kuma ya yi ja, jan yana faɗi. Na auna da tef ɗina: shekaranjiya inci biyu, yau uku da rabi.

Na ce mu je babban asibiti, tunda ɗan ɗakin shan maganinmu ba sa gwada jini. Sai ya kama hannuna ya kai ni gaban bango. Ya ce, "Karanta. Me aka rubuta a kan gundumarmu?" Na ce sifili. Ya ce, "To. Hukuma ta auna, 'yarki ta zana. In je in ce musu kaska ta sa mini cuta, in ƙaryata yarinya a aikinta na farko? Gajiya ce." Na ce, "Malam, gajiya ce ke zana da'ira a ƙafa?" Ya ce in bar shi ya huta.

Kin san shi, ba a ja da shi a kan taswira. Ya taɓa sa wani attajiri ya rushe katanga saboda taku biyu. Ni na gaza, Mai Agogo ya gaza. Ke kaɗai zai ji. Ki rubuto masa ko layi ɗaya ne.

Gwaggonki

29 ga Mayu

Takwara,

Ina gaisuwa. Shiru dai. In maganar falo ce ta ɓata miki rai, na janye, tsufa ne da saurin baki.

Zazzaɓin ya dawo karo na biyu, ya fi na farko. Gwiwar ta kumbura, da sanda yake zuwa masallaci, jiya ma a zaune ya yi salla. Awakin maƙwabci ke fitar masa da su. Duk lokacin da jikin ya yi sanyi sai ya ce, "Kin gani? Ya wuce." Ni kuwa tsoro nake ji, Takwara, na faɗa miki gaskiya. Bai taɓa barin abinci a kwano ba sai wannan karon.

Ko ba za ki amsa mini ba, ki amsa masa.

Gwaggonki

3 ga Yuni

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Kawu? Allah ya ba shi lafiya. Yau da safe na dawo ofis na tarar da takardunki biyu a tire, ƙarƙashin tarin fayil. Babu wanda ya tura mini su. Na karanta na zauna na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Falonki, Gwaggo? Falon da na koyi ƙirga a cikinsa? Wallahi ko kusa. Laifina ne da na rubuta magana rabi na hau mota. Da kika ce kin cika littafi guda da kaska, sai na fara zargin taswirar. Kunyar aikina nake ji, shi ya sa na ce a sauke.

Ga abin da ya kamata in faɗa tun farko. Fari a taswirar nan yana nufin takarda ba ta zo mana daga wurin ba. Bai ce babu marar lafiya ba. Ni da bakina na ce miki ko mutum ɗaya babu, don ɗokin in burge ki.

Yau kuma na gano inda mutanenku suka shige. A saman takardunki akwai wani fayil da shugabata ta ajiye mini, ta rubuta da jan biro: "Gida ɗaya, mutum sha tara cikin shekara biyu. A tura masu feshi su duba." Gidan yana gundumar da ke maƙwabtaka da ku, wadda ta fi kowace ja a taswira. Na duba adireshin. Na duba bayan ambulan ɗinki da ke hannuna na hagu. Lamba sha huɗu, layin bayan asibiti.

Gwaggo, shagon Yaya Mai Agogo ne! Shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin a juya.

Nan take na kira shi. Ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Ƙanwata, ai mai yankan kati a asibiti ba ya sauraron kowa sai an ba shi lambar gida da sunan layi. Mutanenmu kuma ina suka ga lamba? Sai su ba da tawa. Katunansu ma a durowata suke, tare da batiran agogo, don kada su ɓata." Shi taimako yake yi, Allah ya saka masa. Mai kati aikinsa yake yi. Ni kuma na bi adireshi na kwashe marasa lafiyarku kaf na zuba wa maƙwabta. Sunayensu ba zan faɗa miki ba, aiki ya hana, amma na tabbata in kika buɗe littafinki za ki gan su.

Na shiga na gaya wa shugabata cewa taswirata ta farko ba daidai take ba. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Gara da kika gano da kanki. Zauna ki gyara." An fasa tura masu feshi.

Wannan takardar direban motar safe zan ba, Yaya zai karɓa a tasha ya kawo da kansa. Abin da kika kwatanta a jikin Kawu ba na jira ba ne, amma yana jin magani in an je. Ga tasa a ciki, ki ba shi ya karanta da kansa.

Takwararki

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi, ina yi maka sannu da jiki.

Kawu, na kawo ƙarar kaina. Taswirar da ka yaba tana da kuskure, kuma ni na yi shi. Kogi daidai ne, iyakoki daidai ne, amma adadin da ke kan gundumarku ƙarya ne. Mutum sha tara naku na ɗauka na ajiye a filin wasu, saboda adireshin da suka bayar a asibiti na shagon Yaya ne. Kai ka fi ni sanin sunan wannan a aikinku: an kafa dutse a inda ba nan ne iyaka ba.

Ba zan iya gyarawa da baki ba. Ofis ba ya karɓar "na ji an ce". Sai wani daga gundumarku ya je asibiti an gwada jininsa, ya kuma tsaya kai da fata an rubuta ainihin inda yake zaune. Har yau ba a samu wanda ya yi haka ba.

Ban isa in aike ka ba. Amma ban san wani mai awo a yankin nan ba sai kai.

'Yarka

4 ga Yuni

'Yata,

Na samu takardarki da ƙarfe sha ɗaya da kwata. Na gode da gaisuwa. Jiki da sauƙi, Gwaggonki ce ke da ƙarin gishiri.

Na karanta bayaninki. Kuskure ne babba, amma kin kawo shi da kanki, kuma haka ake so. A shekarata ta biyu a aiki na taɓa karkatar da iyakar wata makaranta da taku shida. Na koma da ƙafata na tone dutsen, ana kallona.

Gobe zan je asibitin. A sani cewa ba don ciwo zan je ba, zan je gyaran taswira ne.

Kawunki, mai awon filaye (ritaya)

12 ga Yuni

Takwara, 'yar albarka,

Salamu alaikum. Muna lafiya, kuma wannan karon da gaske nake. Maganar falo ta wuce, ni ce na yi wa takardarki karatun mai jin haushi. Ki yafe wa tsohuwa.

Bari in ba ki labari yadda ya faru, don na san shi in ya rubuto layi uku zai yi. Mutumin da ya yi wata yana ce mini gajiya ce, ran nan tun da hantsi ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya soka biro biyu a aljihu, yana rawar sanyi yana ce mini in yi sauri kada mu makara. Mai Agogo ya samo mana mota. Na ɗauki littafina na biyu na sa a jaka.

Muka isa tagar yankan kati. Mai katin, wani siriri mai tabarau, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Lambar gida da layi." Ɗan'uwanki har ya buɗe baki zai ce sha huɗu, don ya saba, sai uban ya taka masa ƙafa da sanda. Ya ce, "Rubuta. Gida na uku bayan gada, gabas da dutsen iyaka mai lamba arba'in da ɗaya, wanda ni na kafa da hannuna." Mai kati ya ce, "Baba, kwamfuta ba ta san dutse ba." Kawunki ya ce, "To a koya mata." Ya jawo benci ya zauna a gaban tagar, ya ce ko ɗigon jini ba za a ɗauka ba sai an rubuta gundumarsa.

Takwara, layi ya taru a bayanmu, ni kunya kamar in nutse, ga shi gumi na zuba masa, leɓensa ya bushe. Na raɗa masa, "Malam, don girman Allah ka bari a duba ka, a gyara daga baya." Ya ce, "Daga baya ne ya kawo mu nan."

Allah ya kawo wata babbar nas, mai jiki, mai murya. Ta ji ba'asi, ta leƙa kwamfutar, ta ce wa mai kati, "Ka sa sunan ƙauyen a wurin layi, ka zaɓi gunduma da hannu. Ga gurbin nan a ƙasa." Ashe gurbin yana nan tun fil azal, ba wanda ya taɓa taɓa shi. Sai da aka juyo da fuskar kwamfutar Kawunki ya karanta da gilashinsa, sannan ya miƙa hannu aka ɗebi jini.

Likita ta ga ƙafar, na buɗe mata shafin ran uku ga Mayu, ga kaskar a liƙe, ga awon tabon kwana-kwana. Ta ce, "Mama, wa ya koya miki wannan?" Na ce ɗinki. Ta kira wasu biyu suka zo suna kallo. Ba ta ma jira sakamako ba ta fara ba shi magani, ƙwayoyi na sati uku, ta ce da an ƙara jinkiri da abin ya yi nisa. Shekaranjiya sakamakon ya fito, cutar ce.

Yau kwana huɗu ba zazzaɓi. Gwiwar tana saɓewa. Da rana ya cinye kwanonsa ya leƙa nawa. Na ce, "Mai gajiya, an warke?" Ya ce shi dai ya je aiki ya dawo.

Gwaggonki

20 ga Janairu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ina kuma fata Kawu yana sa doguwar safa in zai shiga ciyawa, yana tsayawa ki duba shi in ya dawo. Baba yana gaishe ku, ya ce barazanarki ta yi aiki, ba ya tsallake magani.

Ga sabuwar taswira. Yaya ya gaya mini yadda Kawu ya zazzage durowarsa, ya bi masu katunan gida-gida, ya riƙa kai su asibiti uku-uku suna gyara adireshinsu da bakinsu. Takardun gyaran sun iso mana ɗaya bayan ɗaya. Sha tara na da, da Kawu, da wasu uku sababbi: ashirin da uku. Gundumarku ta koma ja.

Na san ba launin da ake murna da shi ba ne. Amma saboda shi, daga wata mai zuwa za a riƙa turo mai ɗibar jini ɗakin shan maganinku kowace Talata, ba sai kun yi doguwar tafiya ba. Shugabata kuma tana tambaya ko za ki yarda a ɗauki hoton littattafanki.

Wannan karon a rataye ta duk inda aka ga dama. In an ba ni hutu a watan Maris zan zo in ga bangon da idona.

Takwararki

2 ga Fabrairu

Takwara,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Kawunki ya koma bin awakinsa, safa har gwiwa, kuma kullum yana dawowa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannuwa in duba shi, yana gunaguni kamar an kai shi aski.

Taswira ta iso. An share tebur, an wanke hannu, an bi kogi. Da ya zo kan jan nan sai ya ɗora gilashinsa a kai, ya daɗe yana dubawa. Na zaci ransa ne ya ɓaci. Can ya ce, "Yanzu ta zauna daidai." Ya cire tsohuwar daga firam, ya ja mata layi da jan biro, ya sa hannu da kwanan wata, ya ajiye a akwatin takardunsa. Sabuwar tana bango. Hoton aurenmu ma ya dawo, a gefe, don na ce in ba haka ba a nemi mai cire kaska a wani gidan.

Yanzu in baƙo ya shigo, sai ya nuna jan da sanda ya ce, "Ashirin da uku. Na farkon da aka rubuta daidai, ga shi tsaye a gabanka."

Ki ce wa shugabarki ta turo a ɗauki hoton, amma littafi ba ya barin gidan nan. Ɗakinki na Maris na share shi tun yanzu, kada ki sa in share a banza.

Za ki ji wani abu mai tauri a kusurwar takardar nan. Maɓallin ne, baƙin mai huda huɗu, na liƙa shi da salatif yadda nake yi wa kaska. Shekara ashirin yana cikin gwangwanina ba a sa shi a lissafi ba. Ki ajiye shi a teburinki, ki ƙirga shi.

Gwaggonki mai keke